Wace manhaja ce za ta lissafa maka taurin hanta a MRE?

A gwajin MRE, wato auna taurin nama ta hanyar girgiza da hoton MRI, na'urar MRI ba ta auna tauri kai tsaye. Faifan girgiza ake ɗaura wa majiyyaci a ƙasan ƙirjinsa na dama, yana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, na'urar kuma ta ɗauki hoton igiyoyin da ke ratsa hantar. Igiya ta fi tsawo a nama mai tauri. A lafiyayyar hanta mai taurin kusan kPa 2 (kPa shi ne ma'aunin tauri), tsawonta bai wuce santimita 2 da rabi ba. Aikin manhaja shi ne mayar da wannan hoton zuwa lamba, kuma nan ne mai saye yake da zaɓi.

In hanta za ka riƙa aunawa, ɗauki tsarin lissafin MMDI na asibitin Mayo da ke Amurka, inda aka ƙirƙiro gwajin a 1995. Nan take yake fitar da sakamako, amma abin da ya sa na fifita shi shi ne taswirar tabbaci: duk wurin da lissafin bai kai ma'aunin kashi 95 ba, yana shata masa layuka don kada a auna shi. Ga kuma iyakokin da likitoci suka saba da su, ƙasa da kPa 2.5 lafiya, sama da 5 alamar hanta ta ƙandare, yawanci da irin wannan tsarin a kan girgiza 60 aka tsayar da su.

Akwai wasu tsarukan lissafin. LFE tsoho ne mai juriya, sai dai yana shafe gefuna a hoto. NLI na jami'ar Dartmouth a Amurka ya dace da binciken ƙwaƙwalwa, amma yana cin lokacin kwamfuta sosai. Shi kuwa k-MDEV na asibitin Charité a Balin hotonsa tas, amma saurin igiya yake bayarwa, mita a daƙiƙa.

Hattara da taswira mai ƙayatattun launuka. Lissafin tauri kai tsaye daga hoton igiya yana ninka hayaniyar hoto, wato gurɓatar da ke cikinsa, hayaniyar kuma takan ja lamba ƙasa, sai ciwon hanta ya fito kamar lafiya. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Wasu masu talla sukan tace hoton har ya yi sumul, su nuna maka gwajin da aka yi a kan dunƙulen roba. Ka ce a buɗe maka ɗanyen hoton igiyoyin na majiyyaci na gaske, musamman mai ƙiba ko wanda sinadarin ƙarfe ya taru masa a hanta, domin a nan ne hanyar ɗaukar hoto ta GRE ke gazawa, ta SE-EPI ta fi riƙewa. In ba ka ga igiyoyi jere suna shiga hanta ba, lambar ba ta da tushe.

Tambayi masu tallan kuma ko 2D ne (lissafi a kan shimfiɗa ɗaya) ko 3D (ta kowace fuska). Igiyar da ta shigo a karkace takan yi kamar ta fi tsawo a 2D, tauri ya hau. Kada ka gwama lambar wani tsari da ta wani. Wajen zana wurin awo, bar santimita 1 daga gefen hanta, ka kauce wa manyan jijiyoyin jini da jan tabon da ke fitowa daidai ƙarƙashin faifan.