Hattara da "dokta" mai maganin suga a waya

Jama'ar Gombe, akwai wani mai farar riga da ke tallar maganin ciwon suga a Facebook da TikTok, ya rataya abin awon ƙirji a wuya, yana rantsuwa cewa kwana 21 ka warke har abada. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisi.

Goggona da ke Pantami ta shekara takwas tana shan metformin, ƙwayar suga ta asibiti, lafiya lau. 'Yar maƙwabta ce ta nuna mata bidiyon. Aka tura naira 25,000, aka yi waybill, ni da kaina na karɓo saƙon a tasha, ban ma san mene ne ba. Jarka ce ƙarama, ruwa baƙi-baƙi mai warin jiƙo, takardar jiki hoton kwafi ce da aka manna da salatif. Ta WhatsApp ya ce mata: "Hajiya, ki ajiye ƙwayar asibiti, ita ke hana nawa aiki."

Ta ajiye. Kwana goma sha biyu sai ƙishirwa, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ido na dishi-dishi. Muka gwada da na'urar gida, ko lamba ba ta bayar ba, HI kawai ta rubuta, wato sugan ya hau har ya wuce awon na'urar. Na kira shi, wai dafin cutar ne ke fita, a ƙara jarka ɗaya. Kwana biyar ta yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya ana mata allurar insulin da ƙarin ruwa.

Likitan da ya duba ta ya ce suga ciwo ne da ake lallaɓawa da magani da kula da abinci, duk wanda ya ce a daina magani ba tare da awo ba, a guje shi. Na kuma gane lambar NAFDAC da muke ganin ta isa shaida, kowa na iya buga ta a takarda. Ta jikin jarkar na nema a Greenbook, rumbun hukumar na intanet, babu ita. Likitan gaske kuwa yana da rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, kuma ba ya ɓoye cikakken sunansa da asibitin da yake aiki. Wannan da na tambaye shi, sai ya toshe ni.

Masu sharhin "na gwada, na warke" ma ku lura, duk kalma ɗaya suke maimaitawa.

Shekaranjiya na sake ganinsa. Ya canza sunan shafi, rigar dai ita ce, yanzu ciwon hanta yake warkarwa.