Ƙaramin Tiger Moth mai rimot: haɗa shi da tashinsa

Makonni shida na shafe ina haɗa wannan ƙaramin jirgi na balsa (wani katako marar nauyi), wanda aka kwaikwayo daga Tiger Moth, jirgin koyon tuƙi mai fukafukai hawa biyu da kamfanin de Havilland na Ingila ya fara tayarwa a 1931, wanda kuma rundunar sojan saman Birtaniya ta horar da matuƙanta da shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Girmansa kashi ɗaya cikin shida ne na ainihin jirgin, don haka faɗin fukafukansa ya kusa mita ɗaya da rabi.

Masu ƙera shi sun kiyaye siffar asali, har da yadda fukafukan suka ɗan karkata baya, karkatar da ta samo asali daga matsar da fiffiken sama gaba domin wanda ke kujerar gaba ya iya fita da laima idan hatsari ya taso. Sai dai ɗaure wayoyin da ke tsakanin fukafukan yana cin lokaci, takardar bayanin kuma ta taƙaita a daidai wurin da ake buƙatar ta faɗaɗa.

A sama ne jirgin ya biya ni wahalata. Tafiyarsa a natse take, kuma da yake filafilan karkata shi suna kan fukafukan ƙasa kaɗai, kamar na asalin, ba ya juyawa da kyau sai an haɗa da linzamin jela. Wanda ya manta da wannan zai ga hancin jirgin ya kauce wa inda ake so ya nufa. Wannan hali, a ganina, shi ne darajarsa, domin yana koya wa mai riƙe da rimot irin ladabin hannun da babban jirgin ya koya wa ɗalibansa. Tun a shekarun 1930 ma an ƙera wani nau'insa mai suna Queen Bee da ake sarrafawa da rediyo, domin masu harbo jirage su gwada saiti a kansa.

Iska mai ƙarfi tana wahalar da shi, kuma wajen sauka a doguwar ciyawa ya taɓa kifawa da hanci har farfelarsa ta karye. Ba zan ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba, amma wanda hannunsa ya riga ya faɗa zai more shi a safiyar da iska ta kwanta.