Na sauya rediyon motata da mai allon taɓawa, ga yadda na same shi

Motata ƙirar 2010 ce, kuma rediyon da ta zo da shi lafiyarsa lau har ranar da aka cire shi. Yana kama tasha, yana cin faifan CD, sautinsa ba laifi. Wayar hannu ce ta raba ni da shi. Taswira tana cikin waya, kira ta waya yake shigowa, karatu da hirarrakin da nake saurare a doguwar tafiya duk suna cikin waya, ita kuwa tana maƙale a wani ɗan mariƙi jikin ramin iskar esi, tana rawa duk sanda taya ta faɗa rami. Idona yana barin titi fiye da yadda hankalina zai kwanta. Shi ya sa na sayi rediyo mai allon taɓawa, inci 9, irin masu Android a cikinsu, da niyya guda: waya ta koma aljihu ta zauna.

Ta kuwa koma, kuma wannan kaɗai ya isa in ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma da wani zai tambaye ni abin da zai duba kafin ya saya, allon ne zan ambata daga ƙarshe, duk da cewa shi mai sayarwa yake fara haska maka.

Abu na farko shi ne ramin da zai zauna. Yawancin motoci suna bin wani ma'auni da ya samo asali daga Jamus, ana ce masa DIN: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Mai ninki biyu, 180 da 100, shi ne wanda allo mai inci 7 yake shiga cif. Wasu motocin Toyota faɗin raminsu milimita 200 ne, sai an cike gefe da gefe. Mai inci 9 irin nawa ba ya bin wannan ma'auni sam, yana zuwa ne da firem ɗin roba da aka zuba musamman don dashbod ɗin ƙirar motarka, a ciro ramukan iska da maɓallin fitilar gargaɗi daga tsohon firem a mayar jikin sabon. Nawa ya zauna, sai dai robarsa ba ta kai ta asali kauri ba, launinsa ya ɗan fi na dashbod duhu, kuma a hanya mai gargada yana ƙara daga kusurwar sama. Ɗan soso da aka cusa ta baya ya rage ƙarar.

Inda aikin yake na gaskiya shi ne bayan rediyon, wurin da ba wanda zai sake gani bayan an rufe. Kafin mai wayarin ya ɗauki filaya na gaya masa sharaɗina: ba za a yanke ko da waya ɗaya ta motar ba. Akwai soket na haɗi da ake sayarwa don kowace ƙirar mota, kai ɗaya ya shiga soket ɗin motar, ɗayan ya shiga sabon rediyo. Wanda ya yanke wayoyin asali ya murɗe su da hannu ya naɗe da baƙin salatif, ya bar maka matsalar da ba za ta fito yau ba. Zafi zai saki salatif ɗin, jijjiga ta sassauta murɗin, wata rana lasifikar ƙofa ɗaya ta yi shiru ko fis ya dinga ƙonewa, kuma babu mai tuna dalili. Inda dole sai an haɗa waya da waya, a sa dalma ko a matse da maɗauri na ƙarfe, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi.

Yana da kyau mai mota da kansa ya san launukan, don ya gane abin da ake yi a gabansa. A gefen sabon rediyo, rawaya ita ce wutar batir mai bolt 12 da ba ta yankewa, ita ke riƙe tashoshi da saitin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne kawai in an murɗa makulli. Baƙa ta jikin ƙarfen mota ce. Fara da toka na lasifikun gaba ne, kore da shunayya na baya. In aka musanya rawaya da ja, rediyo zai dinga manta komai duk sanda aka kashe mota. In kuma aka haɗe su wuri guda a kan wutar batir, ba zai taɓa kashewa ba, ka wayi gari batir ya kwanta. Sai shuɗiya, wadda ake yawan mantawa. Motoci da yawa eriyarsu tana jikin gilashi tare da ɗan abin ƙara ƙarfin sigina da ke buƙatar wuta, kuma shuɗiyar ce ke ba shi. A gwajin farko FM ɗin nawa sai shuuu yake yi har a tashoshin da ke kusa, mai wayarin ya fara cewa ai haka irin waɗannan rediyon suke. Da aka haɗa shuɗiyar tashoshi suka dawo. Duk da haka gaskiya tsohon rediyon ya fi shi kama tasha daga nesa, AM kuwa tana da ƙugi da da babu.

Abu biyu da ba wasa a cikinsu: a cire kan batir mai alamar ragi kafin a fara, kuma duk soket mai launin rawaya da aka gani a cikin dashbod na jakar iska ne, ba a zura masa abin gwajin wuta.

Maɓallan sitiyari su ma ta bayan nan suke rayuwa ko su mutu. A tsofaffin motoci irin tawa kowane maɓalli yana da nasa ƙarfin tirjiya ga wuta, sai a haɗa waya ɗaya ko biyu, ka shiga saiti ka koya wa rediyon: wannan na ƙara murya, wannan na ɗaga kira. Minti kaɗan aka gama. Sababbin motoci kuwa na'urorinsu suna magana da juna ta hanyar da ake kira CAN, wadda kamfanin Bosch ya fito da ita a 1986. Irin waɗannan sai da ƙaramin akwatin da ke fassara saƙonnin motar, kuma sai wanda ya dace da ƙirarta. Ba tare da shi ba kana iya rasa maɓallan sitiyari, bayanin esi a allo, ƙarar na'urar da ke gargaɗi in ka kusa bugun abu, a wasu motocin ma har amfilifayar da kamfani ya sa. Mai irin wannan mota ya tabbatar da akwatin tun kafin ya zaɓi allo.

Batun sauti, kwalin ya rubuta wat 50 sau huɗu. Kusan duk rediyon mota haka suke rubutawa, kuma wannan ƙololuwa ce ta ɗan ƙiftawa. Abin da ƙaramar amfilifayar ciki take iya bayarwa a ɗore, ba tare da sauti ya fashe ba, bai wuce wajen wat 20 ga kowace lasifika ba, don wutar mota bolt 14 da ɗoriya ce kawai in injin na aiki. Saboda haka ƙarfi bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya canza shi ne iko a kan sautin. Akwai wurin daidaita kauri da siranta mataki mataki, akwai kuma saitin da ke jinkirta lasifikar da ta fi kusa da direba da ɗan taƙi, ta yadda sautin duka huɗun zai iso kunne lokaci guda. Na auna nisan kowace lasifika daga kujerata da tef ɗin awo na shigar. Muryar mai magana ta tashi daga ƙofar da ke gefena ta dawo tsakiyar gilashin gaba, da lasifikun nan dai na asali. Wannan ya faranta mini rai fiye da yadda na zata. Makirfon da ke jikin allon kuwa bai da amfani, mutane suna cewa kamar daga cikin rijiya nake magana. Na wajen da ya zo a kwali, da aka maƙala shi kusa da madubin tsakiya, shi ya gyara lamarin.

Android Auto shi ne abin da nake amfani da shi kullum. Apple ya fito da CarPlay a 2014, Google ya biyo da Android Auto a 2015, kuma dabararsu ɗaya ce: waya ke yin aikin, allo yana nuna shi da manyan haruffa da maɓallai 'yan kaɗan. Taswira a gabana, saƙo ya shigo a karanta mini, in faɗi sunan mutum a kira shi. Yana haɗuwa ba tare da kebul ba, ya fara gaisawa ta Bluetooth sannan ya koma Wi-Fi, amma hakan yana cin cajin waya yana kuma ɗumama ta, don haka a doguwar tafiya kebul nake sawa. Lokaci lokaci haɗin yana yankewa na 'yan daƙiƙu ya dawo, kuma in ya tashi yi sai daidai mararrabar da kake jiran a ce maka hagu ko dama. Manyan kamfanoni irin su Pioneer da Kenwood da Alpine da Sony suna da lasisin waɗannan manhajoji kai tsaye, yayin da yawancin rediyon Android marasa suna suke bi ta wata manhaja ta daban da aka ɗora musu.

Shi kuwa Android ɗin da ke cikin rediyon, wanda shi ne babban abin talla, da wuya in buɗe shi. Abin da zan ce kawai: ƙwaƙwalwar aiki kada ta gaza gigabait 4, mai 2 yana nauyi da zarar an buɗe taswira da sauti tare. Wasu kuma suna rubuta lambar Android da ba ita ce ta gaskiya ba. Manhaja irin AIDA64 tana nuna lambar API, wato lambar cikin gida da ke nuna ainihin Android ɗin, wadda ba a cika taɓawa ba: 29 ita ce Android 10, 33 ita ce Android 13. Tun da ba na ganin sabuntawar tsaro tana zuwa masa, ban shigar da babban asusuna na Google a ciki ba. In mota ta kwana ɗaya allon yana farkawa nan take, in ta daɗe a ajiye sai ya ɗauki kusan rabin minti.

Kyamarar ribas ita ce ribar da ban ƙirga da ita sosai ba. Ba banza Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun watan Mayu na 2018 ba. Akwai wuri a bayan but da madubi ba ya nunawa ko kaɗan, daidai tsayin ƙaramin yaro. Yanzu ina ganinsa. Gilashin kyamarar yana buɗe fili sosai, abu yakan yi kama da yana nesa alhali ya matso, layukan da ke allon kuma sai an daidaita su da faɗin motar. Na ajiye jarkoki biyu a bayanta na gyara layukan da su. Har yanzu ina duba madubi, ina kuma waiwayawa.

Da rana tsaka allon yana ƙyalli, shatin yatsu duk ya fito. Da dare yana rage haske da kansa, muddin an haɗa wata waya mai ruwan lemo da ke bayan rediyon da fitilun mota.

Abin da ya fi damuna, kuma har yau bai daina ba, shi ne rashin maɓallin murɗawa. A tsohon tsari hannuna ya san inda murya take, zan rage ta ban kalla ba. Yanzu wasu 'yan alamomi ne a gefen gilashi, sumul, yatsa ba ya jin komai, dole ido ya je ya nemo su. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta ba da shawara a 2013 cewa kada wani aiki a allon mota ya ɗauke idon direba fiye da daƙiƙa 2 a kallo ɗaya, ko 12 a jimlace. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kallo ɗaya na daƙiƙa 2 ya kai mita 56 da ka yi ba ka ga hanya ba. Euro NCAP, ƙungiyar da ke auna lafiyar sababbin motoci a Turai, ita ma ta sanar cewa daga 2026 za ta saka maɓallai na zahiri cikin awonta, don abubuwa irin su sigina da waifa da hon. Na sayi allon ne don idona ya zauna a titi, sai ga shi yana neman idon ta wata ƙofa. Maɓallan sitiyari ne suka cece ni, shi ya sa na daɗe a kansu a sama. Wanda motarsa ba ta da su, ina roƙonsa kada ya sayi rediyon da babu abin murɗawa, komai kyansa.

Akwai kuma wayar da ake haɗawa da birkin hannu, wadda ke hana bidiyo fitowa sai mota na tsaye. Masu haɗawa da yawa suna manna ta jikin ƙarfe don bidiyo ya yi aiki ana tafiya, har suna ganin alheri suka yi maka. Na ce a haɗa ta inda aka yi ta domin shi. Fim a gaban direba ba abin da zan yarda da shi ba ne, ko da fasinja ne ya ce shi ke kallo.

Da zan sake saye, mai inci 7 zan ɗauka, mai maɓallin murɗawa, daga kamfanin da ke da lasisin CarPlay da Android Auto, in haƙura da girman allo da tulin manhajojin da ba na buɗewa. Wanda kuma ya riga ya sayi irin nawa, kada ya bari a mayar da firem sai ya gwada komai rediyon yana rataye a waje: ya juya sauti lasifika bayan lasifika ya ji kowace a wurinta, ya kashe mota ya kunna ya ga ko tashoshi suna nan, ya sa ribas, ya kunna fitila, ya danna kowane maɓalli na sitiyari, ya kira wani ya tambaye shi yadda yake jin muryarsa. Sannan ya tayar da injin ya taka totur rediyo na kunne ba sauti. In ya ji siririn fito yana hawa yana sauka tare da injin, baƙar wayar ba ta kama ƙarfe da kyau ba, a kankare fentin wurin a sake ɗaure ta kafin a rufe.