Kifin da aka kwaɓa da giya: abin da ya same mu a wata mashayar ƙauye a Ingila

Duk wanda ya zauna a Ingila ya san idan ka bar gari ka shiga ƙauye, da wuya ka samu abinci mai zafi da yamma in ba a mashaya ba. Masu shayi da kek tun ƙarfe huɗu ko biyar suke jan ƙofa. Na fara da wannan ne saboda masu shirin tambayata me ya kai ni. Mashayar ƙauye a nan rabinta gidan abinci ce, tsofaffi da iyalai da yara duk nan suke cin na rana ranar Lahadi. Mu dai ɓangaren cin abinci muke nema, can nesa da kanta, kuma ba a ajiye kwalba a teburinmu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da haka ba ya yi guzurinsa daga gida, ban ga laifinsa ba.

Kawu ne ya zo daga Zariya bikin kammala karatun 'yarsa, ya sauka wurinmu a Sheffield. Muka ce bari mu nuna masa Peak District, gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe tun 1951, ga shi kuma a bakin ƙofarmu. Muka sauka jirgin ƙasa a ƙauyen Edale, muka hau tsaunin Mam Tor, mai tsayin mita 517, dattijo yana haki yana cewa bai gaji ba. Muna gangarowa ruwa ya sauko, irin mai zuwa a karkace wanda lema ba ta tare shi. A jiƙe sharkaf muka faɗa wata mashaya a ɗaya daga cikin ƙauyukan kwarin Hope, ni da Kawu da uwargida da yaronmu.

Wurin kansa ba ni da ta cewa. Wutar itace tana ci a murhu, ba wanda ya harari takalmanmu masu laka, babu warin taba tunda an hana sha a ciki tun 2007, ga takardar nan ta masu duba tsafta a jikin gilashi da maki biyar. Karnuka ne dai ko'ina, kowane teburi da nasa a kwance a ƙasa. Wani ƙato ya taso ya sunsuni wandon Kawu, uwargida ta zabura za ta hau kujera. Kawu ko gezau, ya ce mata, "Zauna 'yar nan, a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, tsoro ne kawai yake damunki." Muka yi dariya, mai karen ya ba da haƙuri ya ja abinsa.

Kun san tsarin: ba mai zuwa tambayarka abin da za ka ci. Ka duba lambar teburinka, ka je kanta, ka faɗa, ka biya nan take. A allon bango an rubuta da alli akwai kifi da soyayyen dankali, iyakar abin da aka rubuta ke nan. Nama dama mun san ba namu ba ne, don haka kifi. Na samu wani saurayi a kanta, na tambaye shi a fili, sau biyu ma, ko akwai giya a kwaɓin da ake tsoma kifin, kuma da wane mai ake suya. Idonsa na kan talabijin ana ƙwallo, ya ce babu, fulawa ce da ruwa, man kuma na ganye ne. Bai leƙa kicin ba, bai tambayi kowa ba. Na biya kuɗin faranti uku da na yaro, na koma na zauna.

Mun fi minti arba'in muna jira, amma wurin a cike yake, ban ƙirga wannan a laifi ba. Sai ga wata yarinya da faranti biyu, kifi ya yi jawur yana tururi, girmansa ya zarce bakin farantin. Har ta ajiye na Kawu, ya ɗaga cokali ya yi bisimilla. Sai ta dubi uwargida da hijabinta, ta dube ni, ta ce don Allah mu dakata kada kowa ya kai baki, ta tambaya ko an gaya mana yadda ake yin kwaɓin. Na ce an ce mana fulawa da ruwa ne. Ta girgiza kai ta ce tana zuwa. Ba a yi minti biyu ba ta dawo da wani kundi mai bangon roba, ta buɗe shafin kifin, ta ɗora yatsa a kan layin da aka yi wa alama: alkama, kifi, sha'ir. Ta ce sha'ir ɗin nan na giya ne, da giyar da suke sayarwa a kanta ake kwaɓa fulawar kowace safiya. Dankalin kuma da kitsen shanu ake soya shi.

Kawu ya ajiye cokali a hankali, bai ce komai ba. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don ni na kawo baƙo, ni na ce masa na tambaya.

Kundin nan yana da amfani ga duk Musulmin da ke cin abinci a waje a ƙasar nan, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Tun Disamban 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su iya gaya maka ko abincinsu na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya: gyaɗa, madara, ƙwai, riɗi, kifi, hatsi irin su alkama da sha'ir, da sauransu. Giya ba ta cikin jerin, naman alade ma ba ya ciki, halal kuwa ba ruwan wannan doka da shi. Amma giyarsu da sha'ir ake yin ta, don haka idan ka ga sha'ir a layin soyayyen kifi, to ka ƙara tambaya. Dalilin zuba ta kuwa shi ne kumfarta ke sa kwaɓin ya tashi ya yi ƙaras-ƙaras. Kitsen shanu kuma tsohuwar al'ada ce ta masu suyar kifi a arewacin Ingila, alfahari ma suke yi da shi, kuma wannan kundin ba zai nuna maka ba, sai ka tambayi mai girki da bakinka. Na san akwai masu cewa ai barasar tana ƙonewa a cikin mai. Wannan maganar malamai ce, su ƙarata can. Ni abin da na sani, na tambaya an ce mini babu.

Abin da yarinyar ta yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Ta kwashe farantan da kanta, ta shiga kicin, sai ga mai girkin ya fito da ƙyallen gabansa duk mai, a lokacin da wurin yake cike maƙil. Ya tsuguna kusa da kujerar Kawu ya tambaya me muke ci, me ba ma ci. Ya ce yana da ɗanyen kifi, zai wanke kasko ya gasa mana da man shanu da lemon tsami, ya dafa ƙananan dankali da ruwa, ya haɗa da koren wake, ba abin da zai taɓa tukunyar suyar. Ya kuma ce mu bar romon da suke zubawa a kan gasasshen nama, don akwai jan giya a ciki, alhali ba mu ma tambaya ba. Kawu ya ce in gaya masa Allah ya yi masa albarka, na fassara iya iyawata.

Kifin da ya zo kuwa, wallahi ban ci irinsa a ƙasar nan ba. Fari tas, yana rabuwa falle-falle da an taɓa shi da cokali, fatar ta gasu ba ta ƙone ba. Gishiri dai irin nasu ne, kamar ana tsoron ya ƙare. Uwargida ta zaro yajinta daga jaka, wanda ba ta fita sai da shi, muka barbaɗa. Kawu ya cinye nasa har da dangwale man da burodi. A wannan lokacin da an miƙo mini waya in ba wurin maki a intanet, tauraro biyar zan danna ba tare da tunani ba.

Sai manaja ya iso da na'urar karɓar kuɗi.

Wai kifin farko an riga an soya, an yi asararsa, don haka wannan na biyun sabon ciniki ne, mu biya cikakken kuɗinsa. Na ce masa ma'aikacinsa ne ya ce mini babu giya, da ya faɗi gaskiya da ba a soya ba. Ya ce kowa ya san da giya ake yin kwaɓin kifi a mashaya. Na nuna masa allonsa na ce ina aka rubuta? Ya ce ai da na nemi kundin. To ni da na tambayi mutum a tsaye, mai albashi a wurin, sai in ce masa ban yarda da kai ba, kawo takarda? Aka kira saurayin kanta, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai tuna ba. Bai ce yi haƙuri ba, bai ko dube mu ba, ya koma wajen ƙwallonsa. Duk wannan a gaban Kawu da mutanen teburin kusa, waɗanda suka daina cin abinci suka zuba mana ido. Sai da na ambaci dokar kare masu sayayya ta 2015, wadda ta ce abin da aka sayar maka dole ya dace da yadda aka siffanta shi, sannan ya sassauta ya ce to mu biya bambancin da ke tsakanin farantan biyu. Ina da niyyar in ci gaba, Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Kai, biya mu tafi, ba a jayayya a kan abin da ya riga ya shiga ciki." Na biya don girmansa, ba don na gamsu ba.

Yanzu da nake rubutu ma sauran abubuwan suna dawo mini. Na roƙi ruwan famfo tun zamanmu, wanda doka ta tilasta wa duk mai lasisin sayar da giya ya bayar kyauta, bai zo ba sai da yarinyar nan ta lura ta kawo. Abincin yaro, taliya da miyar tumatir, ya iso tun kafin namu, ya huce, tsakiyarsa ma da sanyi, alamar daga firji aka ɗumama. Banɗakin maza babu sabulu. Kuma abin da ya fi ci mini rai: da gyaɗa na tambaya saboda yaro ba ya jure ta, haka saurayin nan zai ce babu yana kallon talabijin? Tauraro biyu ne haƙƙinsu. Na ukun da na ƙara na mai girki ne da yarinyar, ba na gidan ba.

Tukuici kuwa a hannu na danƙa mata, na ce ta raba da mai girki. Na san tun Oktoban 2024 doka ta hana masu gidajen abinci taɓa tukuicin ma'aikata, amma idan ya bi ta na'ura rabawa za a yi da kowa, har da wanda ya kusa ciyar da kawuna giya. Ta ƙi karɓa da farko, ta ce aikinta ta yi, ƙanenta ma ba ya cin ƙwai shi ya sa ba ta wasa da irin wannan tambaya.

Jayayyar manaja ta sa bas ya wuce mu, muka tsaya a rumfa cikin iska da yaro yana rawar ɗari har wani ya zo. Na aika wa masu gidan saƙo washegari, na roƙi abu ɗaya kawai, su ƙara kalma biyu a allon nan don na baya. Har yau ba amsa.