Hattara da mai tallan tsofaffin fayafayan fiyano

Masu tara fayafayan garmaho, a buɗe ido. Akwai wani ɗan damfara da ke zagaya zaurukan intanet na masu sha'awar tsohon kiɗa yana tallan fayafayan fiyano na shekarun 1960, irin waɗanda ake ɗauko kiɗan finafinai a sake kaɗa shi da salon Latin Amurka: cha-cha-cha, rumba, bossa nova. Suna yake canzawa kamar riga, amma zancen bai canzawa: wai kayan marigayi mahaifinsa ne da ya zauna Landan, bugun farko, ba a samun irinsu ko'ina.

To, ƙaryar daga nan ta faro. Waɗannan fayafayai ba su da wuyar samu ko kaɗan. Kamfanin Decca na Ingila ya soma jerin Phase 4 Stereo a 1961, makaɗa irin su Stanley Black da Ronnie Aldrich suka yi ta fitar da fayafayai a kai a kai, aka buga su jibgi. Har yau suna nan zube a shagunan gwanjo na Birtaniya, fam ɗaya ko biyu ka ɗauka. Kiɗan yana da daɗi, ba na musu, amma daɗi daban, tsada daban.

Ku duba hotunansa da kyau. A bayan wani kwali da ya ce na 1964 ne, ga layukan nan baƙaƙe da na'urar kanti ke karantawa, alhali sai ƙarshen shekarun 1970 suka fara bayyana a kwalayen fayafayai. Sabon bugu ne ke nan, ko hoton wani ya sato. Wani faifan kuma ya ce sitiriyo ne (mai raba sauti ga lasifika biyu, hagu da dama) na 1955 mai bossa nova. Ina! Faifan sitiriyo bai bazu a kasuwa ba sai 1958, ita ma bossa nova a ƙarshen shekarun 1950 aka haife ta a Barazil.

In ka ce ya ɗauko maka lambar da aka zana a santsin nan na tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya, wadda da ita ake gane kowane bugu a shafin Discogs, kundin bayanan fayafayai na intanet, sai ya ce kayan suna sito, makulli na hannun ƙanensa.

Wajen biya kuwa ya fi ƙwarewa. Zai ce ka tura ta PayPal, hanyar biyan kuɗi ta intanet, a matsayin kuɗin 'yan uwa da abokai, wai don a guje wa caji. Kuɗin da aka tura ta wannan hanya ba su da kariyar mai saye. Bayan kwana biyu sai ga saƙo: kaya sun maƙale a kwastan, a ƙaro wani abu. Kana ƙarawa, ya toshe ka.

Kafin sisi ya fita, ka ce ya turo bidiyon faifan yana juyawa, allura a kai, da takarda mai sunanka da kwanan watan yau a gefe. Wanda kuma ya riga ya tura, ya adana hotunan hirarsu da shaidar biya, ya garzaya bankinsa yau, sannan ya kai rahoton shafin ɗan damfarar.