Tantiran Landan da matan da suka fi ƙarfinsu: wane littafi za ki fara saya?

Tun da Bridgerton, fim ɗin da aka ɗauko daga littattafan soyayyar masu sarautar Ingila ta da, ya fito a Netflix a ƙarshen 2020 ƙawayena suka hana ni sakat. Waɗanda a da suke yi mini dariya idan sun ga na ɓoye Mills & Boon, littattafan soyayya na Turanci, a ƙarƙashin filo a makarantar kwana, su ne yanzu ke turo saƙo da tsakar dare: "Don Allah wanne zan saya?" Na gaji da amsa wa kowa ɗaiɗai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Yawancin littattafan nan a zamani guda suke, wato tsakanin 1811 da 1820, lokacin da Sarki George na Uku na Ingila ya sami taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa sarauta. Kowace shekara iyalan masu sarauta sukan baro gidajensu na ƙauye su taru a Landan na 'yan watanni, a yi ta liyafa da rawa, amma ainihin abin da ake yi shi ne neman wa 'yan mata miji. Akwai wani zauren rawa da ake kira Almack's wanda wasu manyan mata ke riƙe da ƙofarsa. In ba su ba ki takardar shiga ba, ko ubanki ya fi kowa kuɗi, a waje za ki tsaya. A cikin wannan taro ne tantirin yake yawo: ɗan sarauta, ga kuɗi ga kyau, ga caca ga neman mata, iyaye na jan kunnen 'ya'yansu a kansa. Kuma ki sani, a dokar Ingila ta lokacin, mace na yin aure dukiyarta ta koma hannun miji, sai a 1870 da 1882 aka gyara dokar. Saboda haka budurwar da ta zaɓi ɗan caca, gadonta ta ɗora a kan tebur. In kika riƙe wannan a zuciya, za ki ga taurin kan jarumar ba iyayi ba ne.

Ma'aunina biyu ne. Na farko, jarumar ta nuna ƙarfin halinta a aikace. Na gaji da wadda marubuciya za ta yi ta gaya mini "ba ta ɗaukar raini", alhali abin da take yi daga farko har ƙarshe bai wuce buga ƙafa da murguɗa baki ba. Na biyu kuwa, shin littafin zai iya kwana a kan teburin falo? Wannan na koya ne da kunya. Wata rana 'yar yayata, tana aji uku a sakandare, ta ɗauki wani da na ajiye a kan kujera, bangonsa hoton mace ce cikin doguwar riga sai furanni, ba wani abin zargi. Ta zo har kicin ta same ni, yayata na tsaye a gefe, ta ce, "Anti, mene ne ma'anar wannan kalmar?" Na leƙa shafin. Wallahi ludayin da ke hannuna sai da ya faɗi. Yayata ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi mini, kuma har yau in za ta turo yaran hutu sai ta ce, "Ki dai kwashe karatun naki." Bango ba ya gaya miki komai a wannan harkar.

To, wadda ta ci ma'aunin biyu ba tare da an yi mata alfarma ba ita ce Georgette Heyer, 'yar Ingila, an haife ta a 1902 ta rasu a 1974. Ita ta kafa wannan salon, sauran duk a inuwarta suke shan iska. In kuɗin littafi ɗaya gare ki, sayi Venetia, wanda ya fito a 1958.

Venetia 'yar shekara 25 ce, a wancan zamanin an fara cewa ta yi kwantai. Tana zaune a ƙauye a yankin Yorkshire, tana riƙe da gida da gonaki saboda ɗan'uwanta mai gadon yana soja a Faransa, ga ƙaninta Aubrey mai ciwon ƙugu, wanda ba ya ɗaga kai daga littattafan Girkanci. Maneman ta biyu ne: wani kamilin mutum mai gundura, wanda ya riga ya yanke wa kansa cewa matarsa ce, da wani yaro ɗan 19 da ke ganin kansa mawaƙin da soyayya ta kashe. Sai ga Lord Damerel ya dawo gidan gadonsa da ke maƙwabtaka da su, mutumin da tun yana saurayi ya gudu da matar wani, sunansa ya ɓaci har ana tsorata yara da shi. Haɗuwarsu ta farko ba ta yi mini daɗi ba, don ya same ta tana tsinkar 'ya'yan itace a gonarsa ya yi mata rashin kunya. Amma abin da ya biyo baya shi ya sa nake komawa littafin kusan duk shekara. Aubrey ya faɗo daga doki, Damerel ya ɗauke shi ya yi jinyarsa a gidansa, Venetia ta riƙa zuwa dubiya, suka zama abokan hira. Abu ɗaya ke ba su dariya. Ta san tarihinsa kaf, ba ta yi kamar ba ta sani ba, ba ta kuma ɗaura ɗamarar shiryar da shi ba. Da ya ga abin ya yi nisa, sai shi tantirin ya ja da baya don kada ya ɓata mata suna, 'yan'uwa suka kwashe ta zuwa Landan. Dabarar da ta yi ta karya wannan shirin ba zan faɗa ba. Ba ihu, ba kuka a gaban mutane, ta zauna ta yi lissafi ta aiwatar. Kuma daga bango zuwa bango babu shafin da zai sa ludayi ya faɗi.

Gaskiya biyu game da Heyer. Turancinta yana da nauyi, cike yake da karin maganar mutanen wancan zamanin, shafuka talatin na farko sai kin daure. Sannan Venetia ba shi da zaurukan rawa da yawa. In rawa da riguna kike nema, ɗauki Arabella na 1949, labarin 'yar limamin coci da ta yi ƙaryar ita magajiyar dukiya ce don ta rama wulaƙanci, ko Frederica na 1965. Mai son jarumar da ke harbi kuwa ta nemi Devil's Cub na 1932. The Grand Sophy ana yabonsa sosai, amma akwai wani babi da ta zana Bayahude mai ba da bashi da ruwa da mummunan ƙabilanci, ya rage mini ɗanɗanonsa.

Ta biyu a wurina Loretta Chase ce, da Lord of Scoundrels na 1995. Jessica Trent ta je Faris don ta ƙwato sakaran ƙaninta daga hannun wani basarake mai suna Dain, da ya zubar mata da mutunci a bainar jama'a sai ta ɗauko bindiga ta harbe shi, ta kuma turo masa lauya. Akwai dariya, akwai tausayi. Amma wannan na cikin akwati ne, a kulle. Haka ma Devil in Winter na Lisa Kleypas, 2006: Evie mai in'ina, 'yar mai gidan caca, ta je da ƙafarta ta yi wa tantiri tayin aure don ta tsira daga dangin da ke son cinye gadonta, suka gudu Gretna Green. Wannan ƙauye ne a bakin iyakar Sikotilan inda masoya ke gudu a ɗaura musu aure, galibi a wurin maƙeri, saboda dokar Ingila ta 1753 ta hana wanda bai kai 21 ba aure sai da yardar iyaye. Shi ne na uku a jerin littattafai huɗu, in ba ki karanta na biyu ba ba za ki san irin ta'asar da mutumin ya yi ba.

Julia Quinn, mai Bridgerton ɗin? Littattafai takwas, 'yan'uwa takwas, Turanci mai sauƙi, kamar cincin ne, ki ci ki manta. In dole ne, fara da na biyu, The Viscount Who Loved Me, don na farkon yana da wani fage da bai kwanta mini ba ko kaɗan. Sarah MacLean ta iya sa suna mai jan ido, amma 'yan matanta 'yan Amurkar yau ne aka sa wa tsohuwar riga. Barbara Cartland ta rubuta sama da 700, in kin karanta ɗaya kin karanta sauran.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci, don zaɓen littafi mai kyau bai hana a cuce ki wajen saye.

Bugun sata ya cika gari. Na taɓa yin odar wani littafin Heyer daga wani mai talla a Instagram, hoton da ya sa tsaf, na tura kuɗi har da na mai kawowa. Ya iso a naɗe cikin leda, sabo fil. Dare uku ina karatu, an zo daidai inda komai zai warware, sai na ga daga shafi na 280 an koma na 249, an sake maimaita su, littafin ya ƙare a tsakiyar jimla. Na kira shi. "Hajiya, ai haka kamfani ya yi shi." Na ce, "Malam, wane kamfanin ne ke sayar da labari ba ƙarshe?" Ya ce zai bincika. Washegari na tarar ya toshe lambata.

Tun daga ranar, ba na biya sai na riƙe littafi a hannu, kuma daga baya nake fara buɗewa. Ki duba lambobin shafi na ƙarshe-ƙarshe ko suna bin juna. Ki ɗaga shafi ɗaya a haske: in rubutun bayan yana leƙowa sosai, ko tawadar ta yi kauri a wani wuri ta dushe a wani, hoto aka ɗauka aka buga. Ki buɗe tsakiya ki ɗan danna, na jabu gam ɗinsa ƙaras yake yi, takardu su fara zubewa. Rubutun da ya karkace ko ya matse bakin takarda, shi ma alama ce. Shafin bayanan bugu ya kamata ya nuna sunan kamfani da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, da ta dace da ta bayan bango. Littattafan Heyer, Arrow ya buga su a Ingila, Sourcebooks a Amurka. Na Quinn kuwa Avon ne a Amurka, Piatkus a Ingila, saboda haka littafi ɗaya na iya zuwa da bango iri biyu ko uku, har da mai hoton 'yan fim. Ki karanta sunan da kyau kada ki sayi abu ɗaya sau biyu, ni na yi.

Sai masu PDF a WhatsApp da Telegram, masu "littafi 500 a kuɗi kaɗan". Kayan sata ne, rabi a yanke, wasu ma in kin buɗe wayarki ce za ta kamu. Littattafan Jane Austen, marubuciyar Ingila ta wancan zamanin, su ne halal a kyauta, don haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, Pride and Prejudice na 1813 yana nan a Project Gutenberg, shafin intanet na tsofaffin littattafai kyauta. Na Heyer da na lissafa a sama da duk sauran da na ambata har yanzu da masu su. Akwai kuma sabuwar cuta a manyan kasuwannin intanet: littattafan da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, a liƙa musu suna mai kama da na shahararren littafi, da sunan marubuciyar da ba wanda ya taɓa ji. Wasu kuma "taƙaitawa" ce mai shafi arba'in aka yi wa bango kamar na asali. Ki duba yawan shafuka kafin ki danna saye, ki karanta samfurin da suke bayarwa kyauta.

Ni yanzu na fi yarda da 'yan gwanjo masu shimfiɗa littattafai a bakin titi. Takardar ta yi ja, wani lokaci da sunan wata Baturiya a shafin farko da tambarin laburaren da ya sallame shi, amma bugun asali ne kuma a gabanki yake. A wurin irinsu na sami cikakken kwafin wancan littafin da aka yanke mini, bayan wata bakwai. A tsaye na karanta babi biyun ƙarshe, mai kayan yana ta cewa, "Hajiya, in za ki saya ki saya mana."