Gorar roba ko kiret ɗin ƙwai don renon iri a ɗaki? Ni dai gora

Maman biyu, kin tambaya wanne ya fi don renon iri a ɗaki. Tsakanin gorar ruwa da kiret ɗin ƙwai da kika ambata, ki ɗauki gora ki huta.

Bara cikin Janairu na zuba irin attaruhu a bokiti a tsakar gida, nan Unguwar Rogo. Mako uku shiru kamar an shuka dusa. Kin san daren Jos a hunturu, sanyi kan sauko kusan digiri 11, shi kuwa attaruhu sai ƙasa ta yi ɗumi kamar 25 zuwa 30 yake motsi. Autana ne ya kwaso min gorunan ruwan Swan guda shida daga gidan suna, masu lita ɗaya da rabi, wai zai yi mota da su. Na ƙwace biyar. Na yanka kowacce a tsakiya ban raba ta ba, na bar gefe ɗaya a haɗe don ta riƙa buɗuwa. Na huda gindin da ƙusa mai zafi wuri huɗu, na zuba ƙasa mai laushi da ɗan yashi da tsohon kashin shanu wanda ya riga ya ruɓe. Ƙwaya uku a kowace gora, zurfin rabin santimita, sannan na liƙe da salatef na jera a tagar da ke kallon kudu, don a watannin nan rana ta can take karkata. Da magariba in sauke su daga jikin gilashi in rufa musu tsohon bargo. Ranar kwana 12 yaron nan ya tashe ni tun kafin kiran salla, wai Mama zo ki ga motata ta haihu. Har yau da su nake miya.

Daɗin gora shi ne gumin da take tarawa a ciki yana komawa ƙasa, sai ki yi kwanaki ba ki yi ban ruwa ba, kuma saiwa na samun zurfi har lokacin dashe.

Kiret kuwa na gwada shi da tumatir, na lulluɓe da farar leda. Takardar ta shanye ruwan, ramin ba zurfi, ƙarshe funfuna ta cinye rabi. In latas ne da za ki dasa da wuri, to, ba laifi.

Abu ɗaya kada ki manta: da zarar tsiro ya leƙo, cire murfin gorar, bayan kwana biyu ki buɗe saman gaba ɗaya. In kin bar shi cikin laima wuyansa zai ruɓe ya kwanta. Kuma kar ki bar gora a rufe cikin ranar azahar, dafa su za ta yi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayar da iri ƙulle a leda ba suna ba kwanan wata, suna rantsuwa wai ɗan waje ne. Wani ya taɓa yi min haka da tattasai, ko ɗaya bai fito ba. Ki sayi wanda ke cikin fakitinsa a liƙe, ki duba ranar lalacewa. Kafin ki shuka, naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle ki ajiye wuri mai ɗumi. In tumatir ne, mako guda ya isa ki gani. In bakwai ba su tsage ba, mayar masa da kayansa.